Shinkafar Iyatu a Kan Kwalta

Motar shela ta ƙaramar hukuma ta shigo ƙauyen da hantsi, da lasifika biyu a kanta, ɗaya tana magana ɗaya tana ƙara kawai. Iyatu tana durƙushe a gefen sabuwar kwalta tana baza shinkafarta da tafin hannu, ko kai ba ta ɗaga ba. Ba ta buƙatar ta duba. Muryar da ke fitowa ta san ta tun mai ita yana kuka a bayanta, don ta ƙanenta ce, Datti, wanda mutanen gari suka koma kira Honarabul tun da ya ci kansila.

Sanarwar kaka ce, irin wadda ake yi duk shekara idan ruwa ya fara ɗaukewa. Ranar Asabar akwai tsaftar muhalli, kowa ya share ƙofar gidansa. Za a yi wa yara allurar rigakafi a firamare. Masu noman rani su leƙa ofis a kan maganar taki. Samari su shirya, gasar ƙwallo ta unguwanni ta zo. Sannan ranar Alhamis mai girma ciyaman zai zo da kansa ya buɗe wannan hanya, a kuma yi bikin kaka a filin makaranta, a karrama manoma.

Sai Datti ya gyara murya, motar kuma ta rage gudu daidai inda Iyatu take.

"Sanarwa ta ƙarshe. Daga yau an hana shanya a kan kwalta. Ko shinkafa, ko masara, ko rogo. Duk wanda aka samu, hukuma za ta kwashe."

Iyatu ta yi tsaki mai tsawo, ta jawo wani buhun ta zazzage.

Wanda bai san garin ba zai ce taurin kai ne kawai, kuma akwai taurin kan, ba a rasa shi a gidansu ba. Amma akwai abin da ya fi shi. Ƙauyen nan da ke can bayan Tungan Maje, tun kakanni yana da falalen dutse a gabas da gari, shimfiɗaɗɗe, mai faɗin da zai ɗauki amfanin gonar kowa. A kansa ake bugu, a kansa ake sheƙa, a kansa ake shanya. Da soja suka koma bariki, Abuja ta shiga gini ba dare ba rana, sai kowane dutse ya zama kuɗi. Masu fasa dutse suka zo da nakiya da tifofi, kuma wanda ya shige musu gaba har gidan mai gari shi ne Datti. Dutsen ya tafi, Datti ya yi mota da gida mai tayil, daga baya ya yi kujera. Tun ranar da aka tayar da nakiyar farko Iyatu ba ta sake taka ƙofar gidansa ba, ko da suna, ko da salla. Shi ma ya yi zuciya ya ɗauke ƙafa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba sa ga maciji.

Bana kuma ruwan ƙarshe ya yi mata mugun wasa. Ya sauko a kan fadama daidai lokacin da shinkafa ta nuna, dole ta yanke ta a jiƙe kafin ta kwanta cikin laka. Ita ce abincin gidanta na shekara, ita da surukarta da jikoki, tunda mijinta ya rasu, ɗanta kuma acaɓarsa ba ta ko riƙe shi. A cikinta za ta ware irin baɗi. Shinkafa mai danshi ba ta san jira ba. Ko ta sha rana a 'yan kwanakin nan, ko ta ruɓe.

Motar ta tsaya. Datti ya fito cikin farar shadda, da wayar salula a hannu, don a lokacin ba kowa ke da ita ba, kuma mai ita ba ya sa ta a aljihu.

"Yaya, ina kwana."

"Ka taka min shinkafa."

Ya ja ƙafarsa baya. Mutane sun fara taruwa, har masu shagon bakin hanya, Kanawan nan da ba abin da ke wuce su.

"Yaya, kin ji sanarwa ai. Ba ni na yi doka ba, oda ne daga sama. Oga zai zo da 'yan jarida, da manyan mutane daga cikin gari. Ba zai yiwu a ga hanya kamar masussuka ba. Ki taimake ni, kwana biyu ne kawai."

"In kai ta ina?"

"Tsakar gida mana. Ko ki shimfiɗa leda."

"Tsakar gidan da kaji da awaki? Ƙasar da har yanzu take tsattsafo? Kai ba a gidan aka haife ka ba?" Ta miƙe tana kaɗe zaninta. "Ka dawo min da dutsenmu, yanzu in kwashe."

"Haba, wannan tsohon zance kuma."

"Tsohon zance? To, bari in yi maka sabo. Tsakuwar da ke ƙarƙashin wannan baƙin abin, daga ina aka ɗebo ta? Dutsenmu ne kuka farfasa kuka shafa masa baƙi. A kan dutsen uwata nake shanya. In ciyaman ɗinka yana jin kunyar shinkafa, ya daina ci."

Wani a cikin taron ya kwashe da dariya, sauran suka taya shi. Wannan dariyar ita ta ɓata komai. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da Datti ya haɗiye. Amma kansila ne, a gaban direba, a gaban masu zaɓe, ga kuma mace tana yarfa shi kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Fuskarsa ta canja.

"Na faɗa miki a matsayin ƙani. Gobe ba ƙani ne zai zo ba."

"Wanda zai zo ya zo. Ni na goya ka, na san iyakar ƙarfinka."

Washegari ta sake baza shinkafarta, har ta ƙara faɗin wurin don a gani. Sauran mata sun kwashe nasu tun jiya, suna ta gunaguni a bayan katanga, ba wadda ta iya fitowa. Ita kaɗai ce a kan hanya, ga masu fenti suna shafa fari da baƙi a bakin kwalta, suna zagaye ta. Da rana ta take, ta koma gida ta yi azahar ta sa wani abu a cikinta. Ba ta gama cin ba sai ga Margaret, maƙwabciyarta, ta faɗo gidan ba ko sallama.

"Iyatu, tashi! Sun kwashe! Yaran hukuma sun zo da buhu, sun ɗura duka, sun ɗinke baki, sun sa a mota!"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Da ta isa, ba abin da ya rage sai sawun tsintsiya da 'yan ƙwayoyin da tsuntsaye ke tsinta. Ba kwashewar ce ta fi tayar mata da hankali ba, ɗinkewar ce. Rana ɗaya da rabi ba ta busar da shinkafar da aka tsamo daga ruwa. A buɗe ma ana juya ta, balle a cusa ta a buhu a ɗinke.

Margaret ta biyo ta tana haki. "Honarabul ya bar saƙo. Ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta ɓace ba, tana sito na ofishin unguwa. Ya ce ki je gidansa ki same shi, zai ba ki kayanki, har da mota ya kai miki."

"In je gidansa."

"Haka ya ce."

"Ni in je gidan Datti, in tsaya a ƙofa, in jira a yi min iso."

Margaret ta san inda maganar ta dosa. A garin nan babba ba ya zuwa ƙofar ƙarami neman alfarma. Ƙarami ke zuwa, ya durƙusa, ko da shi ne mai gaskiya. Datti ya san haka sarai, shi ya sa ma ya zaɓi wannan sharaɗin. A nasa lissafin kuma, kansila ba ya ɗaukar buhu ya kai gidan wadda ta zage shi a bainar jama'a. Mutane ke zuwa gidansa tun asuba su yi layi a kan benci. In yayarsa ta zauna a bencin nan sau ɗaya, dariyar bakin hanya ta goge.

Iyatu ta yi wa kanta lissafi. Gobe Alhamis, za a yi bikin a watse, ba shi da sauran dalilin riƙe mata kaya. Kwana ɗaya a buhu shinkafa za ta yi gumi, amma ba za ta mutu ba. Ta ce wa Margaret, "Ki gaya masa inda ya ɗauka nan zai mayar."

Alhamis ta zo, aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, 'yan makaranta suka tsaya a rana da 'yan tutoci. Ciyaman bai zo ba. Wajen la'asar motar shela ta zagayo: mai girma ya samu kiran gaggawa zuwa wani taro a cikin gari, an ɗage biki zuwa mako mai zuwa, ranar da za a sanar. Dokar shanya tana nan daram. Allurar yara ma tana nan.

Ranar da aka yi a kwanakin da suka biyo baya, ko manomi ya roƙa iyakar abin da zai samu ke nan. Sama tas, ba ko gajimare. Kwalta ta yi zafin da za ta busar da shinkafa cikin yini biyu, tana kwance fayau ba kowa a kanta sai tifofi. Iyatu takan fito ƙofar gida ta dubi hanyar, ta dubi rana, ta koma ciki ranta yana tafasa. Surukarta ta daina yi mata magana in ba dole ba, don ko gaisuwa aka yi mata sai ta samu abin faɗa a ciki.

Ta gwada zagayewa. Ta je ofishin unguwa ta samu Zacharias mai gadin sito, dattijon da suka yi wasan ƙasa tare.

"Iyatu, wallahi makulli ba ya hannuna. Oga ya tafi da shi a aljihu." Ya rage murya. "Amma in gaya miki gaskiya, in na wuce ta bakin taga ina jin wari kaɗan kaɗan. Kamar ana jiƙa dawa na burkutu. Ki je ki same shi mana. Mene ne a ciki?"

"Kai ka gaya masa yana wari?"

"Na gaya masa. Ya ce mai kaya ta san hanyar gidansa."

Wato ya sani. Wannan ne ya tsaya mata a wuya. Datti ba ɗan birni ba ne da zai ce bai san halin shinkafa ba. Tare suka yi tsaron tsuntsaye a fadama, tare suka sha duka a hannun uwarsu ranar da suka bar shanya ruwa ya taɓa. Ya san abin da ke faruwa a cikin buhunan nan awa bayan awa, kamar yadda ta sani. Yana zaune a falonsa yana jira ne zafin buhun ya koro ta. Ita kuma tana zaune a tsakar gidanta tana jira kunya ta koro shi. Kowannensu ya tabbata ɗayan ne zai fara karaya, don kowannensu yana ganin ɗayan ba zai iya kallon abinci yana lalacewa ba. Abin haushi, dukansu sun iya.

Margaret ce ta sha wahalar zirga-zirga. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ƙafarta ta gaji.

"Ya ce ba sai kin durƙusa ba. Ki shiga kawai ki gaishe da matarsa."

"Ki ce masa ba sai ya shigo ba. Ya ajiye a ƙofa ya tafi."

"Ya ce to ki aiko surukarki da sunanki."

"Surukata ba 'yar aikensa ba ce."

Daga ƙarshe Margaret ta zauna a kan turmi ta cire ɗankwalinta tana fifita. "Ni na gaji. Ku biyu duk jini ɗaya ne, mugun jini. Iyatu, yaran nan me za su ci? Girman kai za ki dafa musu?"

Iyatu ta kore ta. Amma maganar ba ta fita tare da ita ba. Da safe ƙaramar jikarta ta zo tana tambaya yaushe za a yi tuwon sabuwar shinkafa, don an saba duk kaka ana yi, a sa mata man shanu. Iyatu ta daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, yarinyar ta ruga tana kuka. Sannan ta tashi ta ɗaura zanin fita, ta yafa gyale, ta kama hanyar da ta rantse ba za ta sake bi ba.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ta ji ta. Duk wanda ta wuce sai ya bi ta da ido, masu shago har leƙowa suke. Ta isa ƙofar ƙarfen, ta ƙwanƙwasa da hannunta. Benci yana nan a gefe, ba kowa a kai. Bilqis, matar Datti, ita ta buɗe, ta yi turus, sannan ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya! Sannu da zuwa, ku shigo, ku shigo."

"Ba zama na zo ba. Ina mijinki?"

"Ai yana fili tun sassafe. Ba ku ji ba? Jiya da yamma aka bugo waya, yau ciyaman zai zo." Sai ta ƙara da cewa, "Kayanku ma an kai can. Wai manoma ba su kawo amfanin gona da yawa ba, wurin ya yi fayau, shi ne aka ce a jera buhunan da ke sito."

Iyatu ta juya.

Tun daga nesa ake jin ganga da lasifika. Filin makaranta ya cika, motoci masu baƙin gilashi sun yi layi, an riga an yanke kirtanin buɗe hanya an dawo. A bayan kujerun manya an yi 'yar dala da buhuna, an zagaye ta da ƙyalle kore da fari, an jingina doya da kabewa a gindinta. Masu hoto sai ɗauka suke. Datti yana kan mumbari yana karanto ayyukan da aka yi wa unguwa: hanya, rijiyar burtsatse, rufin aji biyu, da kuma albarkar noma ta bana, wadda ga ta nan kowa yana gani. Aka tafa.

Iyatu ta zagaya ta bayan rumfa. Wani ɗan sanda ya so ya tare ta, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ba ta kai ga buhunan ba warin ya tarye ta, tsami-tsami, mai nauyi. Ta ɗora tafin hannu a kan na ƙasa. Zafi ne da shi kamar jikin mai zazzaɓi. Ta tsuguna a wurin, bayan kujerun manya, ta jira. Aka yi jawabai, aka yi rawa, aka raba wa manoma injin feshi da buhun taki, aka ci shinkafa dafa-duka a robobi. Ba wanda ya waiwayo, sai dai wata baƙuwa mai gwaggwaro da ta yi ta toshe hanci da hankici tana duban takalman maƙwabcinta.

Da motoci suka tashi, ta sa haƙori ta tsinke zaren buhun farko. Shinkafar ba ta zubo ba. Ta dunƙule ta zama curi guda, saiwoyi farare sun saƙe ta, tsakiyar ta yi baƙi, tururi yana tashi. Ta buɗe na biyu. Ta buɗe na uku.

Inuwa ta tsaya a kanta.

"Yaya."

Ba ta ɗago ba. Tana tura hannu har gwiwar hannu, tana lalube ta gefe-gefe inda iska ka iya shiga, ko za ta samu busasshiya ko ta cika mudu ɗaya, ta iri.

"Bilqis ta bugo min ta ce kin je gida." Muryarsa ba irin ta lasifika ba ce yanzu. "Da kin zo tun ranar, da duk wannan bai faru ba."

"Na zo."

"Yau kika zo."

"Kai yaushe ka zo?"

Ya dubi curin da ke gabanta. "Zan sa a kawo miki shinkafa daga Zuba. 'Yar waje, mai kyau. Ko buhu nawa ne."

"Ka shuka ta ka gani in za ta fito."

Sai ya tattare farar shaddarsa ya tsuguna, ya kai hannu zai taya ta tonon. Ta buge hannun da ƙarfin da sai da masu kwance rumfa suka juyo.

"Cire hannunka a cikin abincina. Kuma ka saurara da kyau, don ba zan aiko Margaret da wannan ba. Ranar da na mutu, kada in ganka a ƙofar gidana. Ka aiko motar shela ta faɗa."

Ya daɗe a tsugune, baƙin ruwan shinkafar yana ɗiga daga yatsunsa. Sannan ya miƙe ya tafi wajen motarsa, bai waiwayo ba.

Ta ci gaba da buɗewa. Masu rumfa suka kwance rumfar da ke kanta, masu kujeru suka loda kujerunsu, masu doya suka zo suka ɗauke doyarsu. Tana tsinar Datti a ranta buhu bayan buhu, kuma tsinuwar ba ta sanyaya mata komai ba. Ta tsane shi, wannan ba ta shakka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa ɗora masa duka. Ta san ranar da shinkafar nan take da sauran rai, ta san tana zaune a tsakar gida a ranar, da ƙafafunta biyu lafiya lau.

Buhun ƙarshe shi ne na can ƙasa, wanda sauran suka danne. Ta zazzage shi gaba ɗaya a kan ciyawa, ta bi shi da yatsu ƙwaya-ƙwaya. Ba ta samu ko cikin tafin hannu ba.